Abin da Garin Kunu Ya Koya Mini Game da Talla

Samaru, Zariya.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a garin da kika sauka, ya haɗa ki da maƙwabta nagari da abokan aiki masu amana. Tun da kika bugo kika ce motarku ta shiga Jos lafiya hankalina ya kwanta, har na iya cin abinci. Alhamdu lillahi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, waya ta ishe mu wannan. Kin tafi aikin talla a kamfanin sabulu da takardar jami'a a hannunki, ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya. Na san kin fi ni sanin sunayen abubuwa. Amma ni na riga ki yin kuskure a wannan harka, kuma akwai waɗanda ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki ba. Wasu kina ƙarama suka faru, wasu kin gani da idonki amma ba ki san abin da ke raina ba. Baki ya yi mini nauyi kina nan, shi ya sa na ɗauki biro.

Kina aji huɗu na firamare babanki ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da na fita takaba na fara soya gero da waken suya da gyaɗa, in kai injin bakin kasuwar Samaru a niƙa, in tankaɗe, in ƙulla a leda, in jera a kan tebur a ƙofar gida. Matan layinmu suna saya suna dama kunu, muna samun na cefane da na makarantarki. Da na tsaya a haka na ɗan lokaci, da ban wahala ba.

Wata rana na je unguwar PZ sayen leda, sai na ga wata mota da lasifika a kanta ana tallan magani, mutane sun yi mata zobe suna miƙa hannu. Na tsaya ina kallo har na manta abin da ya kawo ni. Na ce a raina, in wannan mutum zai tara jama'a haka da ihu kawai, ni da nake da kaya mai kyau me zai hana ni? Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauko sarƙa da 'yan kunnen zinariya da Inna ta bar mini, Innar da kike ɗauke da sunanta, na sayar. Na sayi buhunan gero da wake da gyaɗa, na yi kwana da kwanaki a gaban kasko har idona ya yi ja. Na buga takardun talla dami guda, na sa aka yi mini sanarwa a rediyo na mako ɗaya, na kuma ɗauki hayar wani mai mota da lasifika, ana kiransa Ɗanlami.

Ranar farko ni ma na shiga motar, na zauna a baya da sabon mayafina. Muka taso daga PZ, muka zaga kasuwar Sabon Gari, muka bi ta Hanwa, muka ratsa Samaru har Shika. Ɗanlami yana ta kwarara ihu: "Jama'a ku matso! Garin kunun Maman Ummi! Na yaro da babba, na mai lafiya da marar lafiya, na birni da ƙauye!" Ni kuma ina miƙa takardu ta taga ga duk wanda hannuna ya kai gare shi: 'yan acaba, masu faci, 'yan makaranta, har da wani mai sayar da taya. Ummi, ranar ji nake kamar duk Zariya tawa ce.

Washegari da safe na aiki ki sayo ƙosai. Da kika dawo na kwance ƙullin, sai na ga a takardar tallana aka naɗe shi, mai ya jiƙe sunana. Ke ba za ki tuna ba, har kika ce, "Mama, ga sunanki a ƙosai!" kina murna.

Mutane sun ji tallan, ba wai ba su ji ba. Amma ina za su sami kayan? Wuri ɗaya ne tak a duniya ake sayar da shi, teburin ƙofar gidanmu, a layin da ko suna ba shi da shi. A takardar abin da na rubuta kawai shi ne "Samaru". Wata mata ta taso tun daga Tudun Wada, ta yi ta tambaya cikin rana har ta gano mu. Ta sayi ƙulli biyu, ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, kuɗin motata ya fi kuɗin garin nan. Ba zan sake zuwa ba." Ba ta sake zuwa ba kuwa. Damina ta shigo, garin ya dunƙule a buhu, ya fara warin tsohuwar gyaɗa. Ƙarshenta maƙwabcinmu mai kiwon kaji na kira ya kwashe. Ina tsaye ina kallo ana ɗora zinariyar Inna a baro za a kai wa kaji.

To ki ji. Yi wa kowa da kowa talla a lokaci guda ba laifi ba ne. Gishiri da ashana da sabulu, kowane gida yana bukata, kuma ke kamfanin sabulu kika je, wataƙila za ku yi ta yin irinsa. Amma duk ranar da aka ce a zuba kuɗi a rediyo ko a manyan alluna, ki fara tambaya: matar da za ta ji wannan a Bukuru kusa da Jos, in ta fito shagon layinsu, za ta tarar da sabulun a kan kanta? In amsar a'a ce, ki faɗa musu cikin ladabi a fara kai kayan tukuna. Kuma kada taron da kika gani a gaban motar wani ya ruɗe ki. Ni ban tsaya na ga mutum nawa ne a taron nan suka saya ba, miƙa hannu kawai na gani.

Bayan wannan na yi kusan barin sana'ar. Wadda ta tsayar da ni ita ce Mama Nkechi, mai shagon kayan jarirai a kasuwar Sabon Gari, wadda kika sani. A lokacin ba mu saba ba, leda kawai nake saya kusa da shagonta. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Ta gan ni na yi zugum a kan benci ta ce, "Ba ke ce mai lasifika ba? Kun hana mu jin kiran kwastoma ranar nan." Na ji kunya, na ba ta labari duka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Maman Ummi, kafin motar nan, su wa ke sayen garinki?"

Na ce, "Kowa."

Ta ce, "A'a. Lissafo mini su da suna."

Na fara lissafawa: Maman Sadiku, Maman Hanifa, amaryar gidan mai wanki. Ban kai ta shida ba na tsaya, don duk cikinsu babu wadda ba ta da goyo ko yaron da ake shirin yayewa. Mama Nkechi ta yi dariya ta ce, "To me ya kai ki wurin mai sayar da taya?"

Ita ta fara karɓar ƙulli goma ta ajiye a shagonta kusa da kwalaben shan yara, suka ƙare kafin Asabar. Ita ce kuma ta ce in riƙa zuwa bakin asibiti ranar da ake yi wa yara rigakafi. Na sayi filas babba, in dama kunu da safe, in tsaya daga wajen ƙofa, in ba uwa ta ɗanɗana kafin ta ba ɗanta. Babu lasifika, babu takarda. A wata biyu na sayar da abin da motar Ɗanlami ba ta sayar mini ko kashi ɗaya cikin goma ba. Na sa aka buga mini leda mai hoton jariri mai kumatu. Gidanmu ya farfaɗo.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in yi nadama.

Na sami wani littafi, duk uwar da ta saya sai in karɓi lambar wayarta da sunan ɗanta in rubuta. Ban taɓa tambayar ko suna so in riƙa tuntuɓarsu ba. Duk Juma'a da safe sai in zauna in tura wa kowace saƙo da sunan ɗanta, ina ganin na iya dabara. Cikinsu akwai wata yarinya mai suna Bilkisu daga Hanwa, ɗanta na fari Abdul, yaro mai yawan dariya. Sai ta daina zuwa, ta daina amsa saƙo. Ni kuwa na ce wata mai garin ce ta ƙwace mini ita, sai na ƙara ƙaimi. "Maman Abdul, ina Abdul ɗina? Sabon gari ya sauka, kada a bar mini yaro da yunwa." Haka nake tura mata, mako bayan mako.

Wata rana bayan la'asar wani saurayi ya tsaya da babur a gaban teburina. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce shi ne mijin Bilkisu. Ya ce, "Mama, don Allah alfarma na zo nema. Ki daina turo saƙon nan. Abdul ya rasu, yau kwana arba'in da biyu."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Washegari na shirya na tafi Hanwa ta'aziyya. Bilkisu ta shimfiɗa mini tabarma. Na ce ta yafe mini, ban sani ba. Ta ce, "Na san ba ki sani ba, Mama. Amma duk Juma'a in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, don na san ke ce za ki tambaye ni ina yake." Muka yi kuka tare. Ta yafe mini, har ta rako ni bakin titi. Na dawo gida na yayyage littafin nan, na sake sabo, kuma tun daga ranar ba na rubuta lambar kowa sai na ce, "Kina so in riƙa sanar da ke?" Wadda ta yi shiru sau biyu, na bar ta ke nan, sai dai in gaishe ta in mun haɗu.

Ummi, a wurin aikinku za a ba ki sunaye da lambobin mutane masu yawa a kwamfuta, a ce waɗannan su ne namu, ki bi su. Zaɓen waɗanda za ki yi wa magana abu ne mai kyau, shi ya ciyar da mu. Amma ki tuna ba ki san abin da ya faru a gidan mutum tsakanin wancan mako da wannan ba. Ki nemi izini, ki bar ƙofar fita a buɗe, kuma in mutum ya yi shiru kada ki fassara shirunsa da son ranki.

Akwai wani ƙaramin abu ma da zaɓen ya rufe mini ido a kai. Na shekara ina ganin 'yan jami'a suna zuwa saye suna ɓoye ledar a jaka, ban taɓa tambayar dalili ba, don na riga na yanke cewa kayana na masu goyo ne. Sai da wata ta ce, "Mama, kunun nan shi ke ceto na lokacin exam, amma hoton baby ɗin nan, 'yan ɗakinmu dariya suke yi mini." Ashe rabin Samaru na tsaye a gabana ina kallon bayansu. In kin zaɓi mutanenki, ki riƙa ɗaga kai lokaci lokaci ki ga wa kuma ke tsaye.

Kuskure na uku kin san shi, don da ke aka yi. Amma ban taɓa ce miki ke ce da gaskiya ba, yau zan faɗa.

Lokacin kina shekarar ƙarshe a jami'a, kaya sun yaɗu. A Sabon Gari leda mai hoton jariri da rubutun Turanci, a Samaru leda fara ana ce masa kunun ɗalibai, a wani shago a Hanwa mai shagon yana ce wa mutane maganin ƙiba ne, ni kuma ban hana shi ba tunda ana saye. Ke kina sa hotuna a waya kina rubuta cewa garinmu babu sukari, dabino ne kawai, kuma gaskiya kika faɗa, haka muke yi. Kin zaunar da ni sau biyu kin ce, "Mama, mu yi suna ɗaya, leda ɗaya, magana ɗaya. Abin da aka ji a waya shi za a gani a shago." Na ce miki boko ya hau miki kai, tun kina firamare nake wannan sana'a. Na ga yadda fuskarki ta yi, na kau da kai.

Sai ɗalibai suka fara cewa suna son mai zaƙi sosai. Dabino ya yi tsada, na zuba sukari a wani niƙa ban gaya miki ba. Ledar iri ɗaya ce da ta marar sukari, ɗigon jan biro kawai na yi a gefe, wanda ni kaɗai na san ma'anarsa. Da odar Hanwa ta zo ina sauri, na haɗa da masu ɗigon na aika.

Kin tuna wayar da Malama Rifkatu ta bugo. Mahaifinta, Baba Ishaya, tsohon malamin makaranta, yana da ciwon suga. Ta ga rubutunki a waya, ta saya masa a shagon Hanwa, ya yi kwanaki yana sha safe da yamma, har jiki ya rikice aka kwashe shi zuwa asibiti a Shika. Ta ce, "Kun ce babu sukari. Na ɗanɗana da bakina, akwai." Kika juyo kika dube ni da wayar a kunnenki. Ni na san kin gane.

Kwana uku na yi cikin fargaba. Ina ta cewa Ya Allah, kada ka ɗora mini ran bawanka saboda ɗigon biro. A rana ta huɗu na ce ki raka ni. Muka same shi zaune a kan gado yana karanta jarida, an cire masa ƙarin ruwa. Na durƙusa na faɗi gaskiya duka, na ce laifina ne, ba na yarinyar nan ba. Tsohon ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "Ashe shi ya sa ya yi daɗi haka. Shekara tara rabona da sukari, na ce wannan dabino na musamman ne." Har Malama Rifkatu da take fushi sai da ta yi dariya. Sannan ya ce, "Tashi, 'yata. Ki je ki gyara, kada wani ya faɗa inda na faɗa." Da muka fito kin ga na tsaya a gindin bishiya na daɗe. Godiya nake yi wa Allah, don sauƙin da na ji.

Sauran ke kika yi. Kika bi shaguna kika kwaso duk ledojin. Kika fitar da suna ɗaya, koriyar leda marar sukari, ja mai sukari, an rubuta da manyan baƙaƙe da Hausa da Turanci. Kika tara masu shagunan a tsakar gidanmu, har da Mama Nkechi, kika ce ga abin da za a faɗa wa mai saye, ba magani ba ne, abinci ne. Mai shagon Hanwa ya yi ta gunaguni, amma ya bi. Sai da kaya suka zauna a shaguna daga PZ har Shika sannan kika ce, "Mama, yanzu mu koma rediyo." Na tuna Ɗanlami na tsorata, amma na bi ki. Wannan karon wadda ta ji a rediyo ta ga irinsa a waya, ta fita ta same shi a shagon layinsu da launin da aka faɗa mata.

Don haka in kin ga ofishinku masu rediyo suna faɗin abu ɗaya, masu waya suna faɗin wani, masu kai kaya shaguna suna faɗin na uku, kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. Mai saye bai san ku da yawa ba ne, shi a wurinsa baki ɗaya ne ke masa magana. Kuma kafin ki rubuta alkawari, ki je inda ake haɗa kayan ki gani da idonki, ko da mai haɗawar uwarki ce. In wani babba ya ce miki boko ya hau miki kai, kada ki yi masa rashin kunya, kada kuma ki janye gaskiyarki. Wani lokaci ya ji, girman kai ne kawai ya riƙe masa baki. Na sani.

Saura abu ɗaya, shi ya fi nauyi. Bayan kin gama hidimar ƙasa, na san sau biyu aka kira ki ganawar neman aiki a nesa kika ƙi zuwa. Kin ce mini albashin ne bai yi miki ba. Na san ba haka ba ne, tsoro kike ji kada komai ya watse in kin tafi. Na sani, na yi shiru, don ina jin daɗin ganinki kusa da ni, kuma na saba ke ce mai warware mini komai. Shekara biyu na bar ki kina tankaɗe gari da digiri a akwati. Wannan son kai ne, ki yafe mini. Ranar da takardar Jos ta zo kika shigo kina ɓoye murnarki don kada in ji ciwo, na shiga ɗaki na yi sujada. Ba ki san nauyin da ya sauka daga kaina ba.

Saboda haka kada ki riƙa kamo hanya duk ƙarshen mako don ki duba ni. Matan nan biyu da kika koya wa aiki suna yi yadda ya kamata, ni ma ƙafata da ƙarfinta. Ki zauna ki koyi aikinki, ki yi ƙawaye, ki sayi rigar sanyi mai kauri. In kin zo, ki zo don kin yi marmarin tuwona, ba don kina tsoro ba.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa halal kaɗai za ta shiga bakinki. Allah ya sa duk wanda ya yarda da maganarki kada ya yi nadama. Na yafe miki duniya da lahira, na sallame ki da zuciya ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki,
Ramatu.